Dakuwar Ƙasa

Bana ruwa ya yi mana wulaƙanci. Ya sauka da wuri, kowa ya yi shuka, masara ta kai gwiwa, sai ya ɗauke ƙafa. Kullum da la'asar hadari zai taso daga gabas, ya yi baƙi ƙirin, ya yi ta gurnani, mata su kwashe shanya su jera bokitai a bakin kwanon rufi, sai iska ta zo ta watsa shi. Zafi ya dawo kamar ba damina ba. A kasuwar Aboabo mai awon masara ko kai ba ta ɗagawa idan kana ciniki, ka saya ko ka ba wani wuri.

Ana cikin haka aka ba yara dogon hutu, 'yata Rukaya ta kwaso nata biyu ta zo wurina a unguwar Gumbihini. Yaro kuwa ina ruwansa da tsadar masara? Ido na buɗewa baki na buɗewa, wannan biskit, wancan alewa. Rukaya 'yar zamani ce, ko ciwon kai ta yi sai ta tambayi waya. Ta zo ta tura min ita a fuska.

"Mma, ki ga wannan matar. Tana koya yadda za ki yi wa yara abin taɓawa da kayan wasa a gida, ba sai kin je kanti ba."

Na leƙa. Wata ce mai dogayen farce tana nuna mana yadda ake soya gyaɗa. Na ce, "Ikon Allah. Abin da talauci ya koya mana kyauta, yanzu sai an sayi data ake ganinsa."

Amma ban ƙi ba, na ma ji daɗi. Muka yi alewar gyaɗa, muka yi gugguru a tukunya da yashi, muka yi ƙuli-ƙuli mai zobe yara suna zurawa a yatsa kafin su ci. Na nuna wa babban yadda ake mota da gwangwanin madara, a yanko tayoyi daga tsohon silifa. Ƙaramar, Fati, na ɗinka mata 'yar tsana da ƙyallayen da tela ya zubar. Sai ranar da muka yi dakuwa. Tamu ta nan ba ta aya ba ce. Masara ake soyawa har ta yi ja, a soya gyaɗa, a haɗa da citta da gishiri da sukari da ɗan barkono, a kai inji, sannan a zauna a mulmula.

Fati ta ce ita ma sai ta mulmula. Rukaya ba ta son ɓarna, sai ta zagaya bayan gida ta kwaɓo mata jar ƙasa a murfin bokiti. Ta ce matar waya da fulawa take yi, amma fulawa a bana? Ga ƙasa kyauta.

Ni ina kicin ban san ana yi ba. Na fito da tire a hannu, ƙamshin soyayyiyar gyaɗa ya cika gidan, hadari yana gurnaninsa na banza, sai na ga ƙaramar yarinya a gindin bango, ƙafafu a miƙe, da dunƙulen ƙasa a tafin hannu. Na nemi turmi na zauna.

Can a inuwa Gwaggo Adisa tana kan tabarmarta. Yayar babana ce. Ido ya tafi, haƙora sun tafi, kunne da hanci ne suka ƙi tafiya. A gidana take zaune, domin ita ta riƙe ni.

Abin da na gani ya mayar da ni shekarar yunwa, wadda duk wanda ya kai shekaruna a ƙasar nan ya san ta ba sai an faɗa masa ba. Muna zaune a wani ƙauye a hanyar Kumbungu inda babana yake noma. Damina ta ƙi, da rani kuma wutar daji ta shigo har bayan gida ta lashe rumbu. Innarmu tana da goyo. Sai Baba ya ɗauko ni da ƙanwata Sanatu ya kawo mu cikin gari, unguwar Sakasaka, wurin yayarsa. A wurinmu wannan ba abin tambaya ba ne, gwaggo tana da haƙƙi a kan 'yar ɗan'uwanta. Mu Hausawa muna yi, Dagombawan da muke zaune a cikinsu ma sun fi mu riƙe abin. Ni na isa ɗaukar tire. Sanatu kuwa ba ta daɗe da yaye ba, magana ba ta gama nuna a bakinta ba. Sunana Azara, ita Aja take ce min.

Da Baba zai tafi ta riƙe masa ƙafar wando. Ya tsuguna ya ce, "Sanatu, yi haƙuri. Ran da kika ga ana gasa sabuwar masara a bakin hanya, ran nan zan zo in ɗauke ku."

Daga ranar duk zamanmu ya koma jiran masara. Ni ba abin da nake roƙon Allah sai in kai yarinyar nan lokacin masara da ranta.

Gwaggo mace ce mai dabara, wannan ko maƙiyinta ba zai hana ta ba. Mijinta ya rasu, ɗanta ya tafi Kumasi ba a jin ɗuriyarsa, da dakuwa take riƙe da kanta. A gidanta ba a zubar da komai. Ɓawon gyaɗa makamashi ne, toka ta sabulu ce, takardar buhun siminti ta ƙunshi ce, gwangwanin madara fitila ne. Tsumman da ake matse man gyaɗa ma sai an tafasa shi a miya kafin a wanke. Matan unguwa suna zuwa ɗaukar darasi a wurinta, ita kuma tana son a zo.

Da asuba nake ɗaukar garwa in tafi dam. Famfo ya daɗe da mutuwa, ruwan dam kuma ya ja baya ya bar taɓo mai tsagewa, sai ka yi tafiya a cikinsa kafin ka kai ga abin da za ka ɗiba, shi ma launin koko. Kafin in dawo rana ta fito da fushinta. Zafin wannan bazarar ban sake ganin irinsa ba. Kwanon ɗaki yana ƙara shi kaɗai, ƙadangaru suna buɗe baki a jikin bango, ƙasa tana cin tafin ƙafa. A cikin wannan zafin za mu hura wuta mu soya masara, irin jar masarar nan ta agaji da Gwaggo take samowa ta bayan fage, ɗan kaɗan, da gyaɗar da ba ta cika ƙwarya ba. Babu inji, babu man inji, a turmi muke dakawa. Ƙamshin kaɗai ya isa ya sa mai yunwa jiri.

Wurin mulmula ne Gwaggo take da dokarta. Duk wanda hannunsa yake cikin dakuwa, bakinsa ya kasance cikin waƙa. Bakin da yake waƙa ba ya tauna. Ita ta tsara waƙar da kanta:

Mulmula, mulmula,
hannu ya sani,
baki bai sani ba.

Haka zan yi ta maimaitawa, maƙogwaro a bushe, miyau yana tsinkewa. Ko tana bayan gida, in ta ji na yi shiru sai ta ɗaga murya, "Azara, waƙar ta mutu ne?" In an gama kuma sai mu jeru a gabanta ni da Sanatu, kowa ya buɗe baki ya hura mata a hanci. Citta ba ta ɓuya.

To, dakuwar da muke samu ba ta rufe ko gindin tire. Gwaggo ta ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, direba ba ya kiran yarinya mai tire rabi, zai ce ragowar jiya ce. Sai ta fito da dabara. Ta aike ni na fasa suri na kwaso ƙasarsa, ta haɗa da ɗan toka har launin ya zo daidai, ta kwaɓa, muka mulmula, aka shanya. Da suka bushe ta goge su da tsumman man gyaɗa, ta birgima su a gindin turmi suka kwashi ɗan garin da ya maƙale da gishirinsa. Wallahi in ba ɗaga su ka yi ka ji nauyi ba, ba za ka bambance ba. Su ake jerawa a ƙasa, a shimfiɗa ganye, a ɗora na gaske a sama. In na sayar har na kai ga ganye sai in dawo gida. Ban taɓa sayar wa kowa ta ƙasa ba, Gwaggo ta ce wannan zalunci ne.

Mulmular ƙasa ba ta buƙatar waƙa, don haka aka sa Sanatu a ciki. Ta ji daɗi, ta samu wasa. Tana yin nata ƙanana karkatattu, ta ɗaga min, "Aja, gani."

Abincinmu sau ɗaya ne, bayan la'asar. Tuwon garin rogo ne baƙi mai ɗaci, da miyar kuka wadda kana hango gindin kwano ta cikinta. Ni ina runtse ido in haɗiye. Sanatu kuwa in ta kai loma baki sai ta dawo da ita, ta yi ta kuka, irin siririn kukan nan da ba ya tashi ba ya kwanciya. Da safe in jiƙa mata garin ɗorawa in an samu. Kukan nan shi ne abin da Gwaggo ta fi tsana a duniya. Ta ce yana kore mata albarka.

Wata rana bayan mulmula muka jeru. Na hura, na wuce. Sanatu ta hura. Gwaggo ta shaƙa, fuskarta ta canja.

"Gyaɗa! Sata tun ba a je ko'ina ba?"

Ta zaro tsumagiya daga cikin tsintsiya. Na faɗa kan Sanatu, dukan ya raba mu biyu. Yarinyar ta wage baki tana ihu, a nan Gwaggo ta tsaya. Ta kama haɓarta ta juya wajen haske. Haƙoran duk jar laka. Sai ta fashe da dariya, har da riƙe ciki.

"Au, ta ƙasa ta ci? To ai wannan ba sata ba ce. Ƙasar Allah ce."

Na ce, "Gwaggo, za ta yi mata ciwo."

"Ciwon me? Masu ciki ba su cin farar ƙasa? Kin ga wadda ta mutu? Da ƙasa aka yi mu. Da babu gara ba daɗi."

Washegari da zan fita talla Sanatu ta fara kukanta. Gwaggo ta ɗauki ɗaya daga na ƙasan tire, ta ƙara goge ta da tsumman mai, ta ce min, "Ba ta tata ta yi mana shiru." Na ƙi karɓa. Ta zo da kanta ta danƙa mata. Sanatu ta kai baki ta fara tsotsa, kuka ya ɗauke.

Abin da ya fi ci min rai har yau shi ne dabarar ta yi aiki. Yarinyar za ta zauna a gindin bango ta tsotse man da gishirin, in sun ƙare ta fara gwaguya, ƙasar ta zauna mata a ciki ta yi nauyi, sai ta ji kamar ta ƙoshi. Gida ya yi tsit. Gwaggo har nuna ta take yi wa baƙi, ta ce ku ga yarinya mai haƙuri.

Na yi abin da ƙaramin hankalina ya ba ni. In na samu 'ya'yan kaɗanya a hanya in ɓoyo mata a zani. Sau ɗaya na cusa dakuwa ta gaske a cikin gammona, na ce in na dawo in ba ta a bayan ɗaki. Rana ta narkar da man, ya fito a jikin gammon ya yi tabo. Gwaggo ta gani tun daga ƙofa. Ba ta dake ni ba. Ta hana ni tuwo, ta hana Sanatu, domin ta san inda zai fi yi min ciwo. Ban sake ba.

Ruwa ya zo daga baya. Ranar farko muka fita tsakar gida muka buɗe baki sama, ƙamshin ƙasa ya tashi, mata suna ta guɗa. Wanda bai san yunwa ba yana zaton da rani take. A tsakiyar damina take, lokacin da ko'ina ya yi kore shar, rumbu kuma wayam. Muka koma cin ganye, tafasa da rama da ayoyo, ana dafawa da gishiri kawai. Ɗakinmu yana yoyo, tabarma ba ta bushewa, sauro ya samu gari. Kullum Sanatu sai ta tambaye ni, "Aja, masara?" In ce ta kusa.

Jikinta ya fara canjawa. Gashin ya yi ja ya yi laushi, yana biyo hannu. Ƙafafu suka kumbura, in ka danna sai yatsa ya bar rami. Kumatu suka cika. Cikin kuwa ya yi gaba ya yi tauri, takan yi kwanaki ba ta zaga ba, in ta tsuguna sai ta yi ta nishi tana kallona. Akwai wata Badagomba da muke haya gida ɗaya, Mma Napari. Ta taɓa cikin ta girgiza kai.

"Adisa, wannan yaro ba lafiya. Ciki nashi ya yi tauri kaman dutse. Kai shi asibiti mana."

Gwaggo ta ce, "Wanda ya fi ni son ta ya zo ya ciyar da ita." Mma Napari ta juya ta tafi, ita ma tana da nata bakunan a ɗaki.

Sai ga Baba, wata ranar Juma'a da hantsi. A ƙafa ya zo, babu mai babu lori. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Na ji wani daɗi da ban taɓa ji ba, na ce shi ke nan, Allah ya kawo mu. Bayan gaisuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, uwarsu ta hana ni sakat. Ta ce hankalinta bai kwanta ba, in kawo mata ƙaramar, ko ganye ne su ci tare."

Gwaggo ta ce, "Ga ta nan, ɗauke ta. Amma dube ta tukuna."

Sanatu tana gindin bango, da abarta a hannu tana tsotsa. Baba ya dube ta, ya dubi kumatun, ya dubi cikin, ya dubi hannun.

"Dakuwa? Yaya, a wannan shekarar dakuwa kike ba ta? Har ta yi kumatu!" Ya share ido da bakin riga. "Allah ya saka miki. Naka sai naka."

A gidanmu yaro ba ya sa baki in manya suna magana. Na sani sarai. Amma na ce, "Baba, ta ƙasa ce."

Na zaci Gwaggo za ta tashi da tsumagiya, sai ta yi murmushi. Ta jawo tiren da aka shirya don talla, ta ɗauki ɗaya daga sama, mai kyau, tana ƙyalli, ta miƙa masa.

"Ungo, Yakubu. Ci ƙasa ka ji."

Ya ce a'a, a bar wa ciniki. Ta ce ya ci. Na ga maƙogwaronsa ya motsa tun kafin ya karɓa. Ya gutsura, ya lumshe ido, ya cinye, ya lashe yatsu, mu biyu muna kallonsa. Tsakaninsa da hannun Sanatu bai wuce ya miƙa nasa hannun ba. Bai miƙa ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya juyo kaina da fuskar da ban san shi da ita ba.

"Azara, butulci tun yanzu? Matar da ta raba abincin bakinta da ku? Durƙusa ki ba gwaggonki haƙuri."

Na durƙusa na ba da haƙuri. Da zai tafi Sanatu ta ce, "Baba, masara?" Ya ce, "Ta fara goyo, saura kaɗan." Ya shafa kanta ya fita shi kaɗai.

Na daɗe ina tambayar kaina ko da gaske ya yarda. Yanzu da na haifa na kuma san abin da ake kira babu, ina ganin tsoron dubawa ya yi. In ya duba dole ya ɗauke ta, gida kuma ba komai. Na fahimce shi, amma ban yafe wannan miƙa hannun da bai yi ba.

Bayan tafiyarsa Sanatu ta daina tambayar masara. Ta daina mulmula. Tuwo ko kallonsa ba ta yi, abarta kawai take riƙewa. Da cikin ya ƙi sauka Gwaggo ta jiƙa mata filasko ta ɗura mata, ta ce zai wanke. Yarinyar ta yi ta murƙususu a tabarma, ba abin da ya fito. Da safe na ce ba zan je talla ba. Gwaggo ta ce in ban je ba me za a ci, ta ɗora min tire da hannunta.

Ranar an yi ruwa da asuba, gari ya yi sanyi. Na zaga tasha, na zaga bakin kasuwa, na kai ga ganye wajen azahar. Ina dawowa, a kwanar shiga Sakasaka, hancina ya ji wani abu. Wata mata ce ta kafa kasko da gawayi, tana fifita, ga sabuwar masara a jere tana fashewa. Na tsaya kamar an dasa ni. Sannan na riƙe tire da hannu biyu na zuba da gudu, na ƙasan suna ta ƙwanƙwasa a kaina, ina ihu tun daga bakin lungu, "Sanatu! Masara ta fito! Baba zai zo!"

Na shiga na tarar an naɗe tabarmarta an jingine. Tsakar gida a jiƙe, an yi wanka a inda ba a saba yi ba. Mma Napari ta kama ni ta rungume. Tun da hantsi abin ya faru, maza sun kai ta sun dawo. Ba wanda ya ga dalilin a nemo ni a tasha. Gwaggo ta karɓi tiren daga kaina ta duba ko na kai ga ganye.

A gindin bango na tsinci abarta, rabi, da shaidar ƙananan haƙora a jiki. Na ƙulle a bakin zanina.

Baba ya zo bayan 'yan kwanaki, kafin saƙo ya same shi. Ya shigo da fara'a, da buhu a kafaɗa, sabuwar masara ce ta gonarsa. Gwaggo ta tare shi da kuka, ta ce kwananta ne ya ƙare, ta yi iyakar yinta. Ya zauna a ƙasa. Da aka bar mu mu biyu na kwance bakin zani na sa masa abar Sanatu a hannu. Ya juya ta, ya ga haƙoran. Ya matsa da yatsa ta ruguje, jar ƙasa ta zubo masa a riga. Sannan ya kakkaɓe rigar, ya goge hannu a gwiwa, ya ce, "Allah ya bayar, Allah ya karɓa. Kada in sake jin wannan maganar a bakinki. Yayata ce."

Bai ɗauke ni ba. Ya ce Gwaggo ta yi rashi, bai kamata a bar ta ita kaɗai ba. Masarar ma ya bar mata. Ta gasa, ta jera a tire, ni na kai tasha na sayar.

A hannunta na girma, ita ta aurar da ni. Da ƙarfinta ya ƙare, ɗanta bai dawo ba, dangi suka ce ai Azara ce 'yarta, na ɗauko ta. Mutane suna yabona. Ba su san da abin da nake riƙe kaina ba. Na gaya wa zuciyata cewa rashin sani ne. Matar nan ba ta yi makaranta ba, ta ga masu ciki suna cin ƙasa, ta ɗauka da gaske ba ta kisa. Da wannan uzurin nake dama mata koko, da shi nake yi mata wanka, da shi nake wanke mata zani in ta ɓata. Rukaya ba ta san komai ba, ta dai san ina da ƙanwa da ta rasu tana ƙarama.

Ina zaune a kan turmin nan, tire a cinya, sai Gwaggo ta karkato kunne.

"Rukaya, me 'yar nan take yi ta yi shiru haka?"

"Dakuwar ƙasa take yi, Kaka. Wasa ne."

Fuskar tsohuwa ta washe, ta gyara zama. "A'a! Wa ya koya muku? Ai dabarata ce wannan. Ki goga mata ɗan mai da gishiri, sai yaro ya yini bai dame ki ba. Na yi a shekarar yunwa. Azara, me ma sunan yarinyar nan?"

Na ce, "Sanatu."

"Yauwa. Yarinyar kirki, ba ta da kuka." Ta shaƙi iska. "To ni ina tawa? Tun ɗazu ƙamshi yake damuna." Ta miƙo tafin hannu.

Fati yarinya ce mai kyauta. Ta zaɓi wadda ta fi kyau a cikin nata, ta tashi da gudu ta sa mata a hannu. Ina gani, ban hana ta ba.

Gwaggo ko hanci ba ta kai ta ba. Ta ɗan jinjina ta a tafi sau ɗaya, ta yi wurgi da ita, ta fashe a jikin bango.

"Ƙasa! Ni za a ba ƙasa? Rukaya, tarbiyyar da kike yi wa 'yarki ke nan? So kuke ku kashe ni? Mutum ake ba ƙasa ya ci?"

Fati ta fashe da kuka. Rukaya tana dariya tana ba da haƙuri, "Kaka, yarinya ce, ba ta sani ba."

Ita yarinya ce, ba ta sani ba. Gwaggo kuwa ta sani. Tun ranar da ta danƙa wa Sanatu ta farko ta sani. Na ji uzurin da na rayu da shi ya zube, ban kuma da wani.

Na ajiye tire na ɗauki Fati, na kama haɓarta na juya wajen haske na buɗe bakin. Haƙoran fari tas. Na ɗebo ruwa a buta na zuba a murfin bokitin nan har duk suka narke suka bi kwata. Rukaya ta daina dariya tana kallona.

"Azara," in ji Gwaggo, "ki jiƙa min tawa da ruwa. Kin san ba haƙora."

Na ɗauki ta gaske na jiƙa a kofi na miƙa mata. Ta kurɓa, ta taɓe baki, ta ce sukari bai ji ba.